Ƙyallen da Na Wanke wa Inna

Allah da ya ba mu aron Inna ya karɓi abinsa ranar wata Laraba, bayan an sallame asuba, ana tsakiyar cirar albasa. Kafin hantsi ya ɗaga gidanmu ya cika da mata. Wasu daga cikin Bodinga, wasu daga Sifawa, wasu kuma daga fadama suka wuto, ƙafafunsu duk laka. Ba a yi kururuwa ba, don kowa ya san mamaciyar ba ta so. Dattawa suna zaure suna ɗinkin likkafani, an tafi haƙar kabari, an kuma aika a kira tsohuwar da ke yi wa matan unguwarmu wanka.

Inna uwar maigidana ce. Ni ce matar ɗanta na biyu, da ni ta zauna gida ɗaya har ƙarshenta. Ina raɓe a bakin madafa ina jin abin da ake faɗa a kanta.

"Mace ta mai kunya," in ji wata. "Irinsu sun ƙare."

"Ni ina gidan ga ranar da anka kawo labarin ɗanta na hwari," in ji wata dattijuwa. "Daka taka yi. Ta saurara, ta ce Allah shi jiƙan Musulmi, ta koma ga dakanta. Wallahi ko hawaye guda."

Wata can baya ta ce a hankali, "Ko dai taurin zuciya." Aka yi kamar ba a ji ba.

Masu shiga ɗakin su yi mata addu'a kuwa, sai in ga sun fito suna waiwaye. Da yawansu ba su taɓa shiga ba, labari kawai suke ji cewa akwai tsohuwar da ke yi wa bango riga. Wata yarinyar mace ta fito ta riƙe baki ta ce, "Ashe da gaske na! Har da hwadamarmu a ciki." Wata ta taɓe baki ta ce wannan aiki duka, ba wanda ya taɓa sa shi a jiki, ai hasarar zare ce.

Can sai aka leƙo daga zaure aka ce liman ya ce duk wanda mamaciya ta yi wa laifi ya yafe mata. Mata suka amsa baki ɗaya, "Mun yahe, Allah shi yahe muna." Ni ban amsa ba. Wata ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ke da kunka zauna shekara da shekaru, ba ki ce komi ba?" To me zan ce? Ni ce na yi mata laifi. Shekara goma sha uku ina bin ta ta ce ta yafe mini, ba ta ce ba, ga shi yanzu tana kwance an rufe ta da zane.

Shi ya sa na ɗauko ɗan ajamin da na koya a gidanmu nake rubuta wannan. Masu makoki sun watse da wata Inna a bakinsu, mai kunya ko mai taurin zuciya, kowa da tasa. Wadda na sani ba ta cikin su biyun, kuma in ban faɗa ba ba mai faɗa.

Mahaifin Inna maɗinkin riguna ne. Tun tana ƙarama take zaune gefensa tana murza masa zare, har hannunta ya faɗa, har ta fi masu koyo a wurinsa. Sai dai wane namiji ne zai sa rigar da aka ce mace ta yi wa aiki ya fita masallacin Juma'a? Babu. Ita kuwa hannun ya riga ya saba, ba ya zama haka nan. Sai ta riƙa haɗa sawaye, farin saƙin nan na gida, faifai biyar ko shida, ta yi masa aiki da ulu da alharini, ta rataya a bangon ɗakinta. In an yi mata tsiya sai ta ce, "Bango bai taɓa cewa wuya ya matse shi ba."

Tana da wani hali da ke ba ni haushi da dariya. Duk ɗinkin da ya shigo gidan sai ta juya bayansa. Maigidana ya taɓa sayo hula a kasuwar Bodinga, yana ta taƙama. Ta karɓa, ko kallon gabanta ba ta yi ba, ta juya ciki, ta ga ƙulle-ƙullen zare cunkus, ta ja tsaki ta miƙa masa. "Mai wagga hula sauri shika yi," ta ce. Bai ƙara sa ta a gabanta ba. Nata aikin kuwa, in ka juya bayansa sai ka rasa inda ta fara da inda ta tsaya.

Ba ta da yawan magana. Da zabinta ta fi hira. Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni har ta koma ga Allah, ɗiyar Shagari take ce mini, ko da na haihu uku. In na yi abin kirki, ɗiyar Shagari. In na ƙona miya, ɗiyar Shagari, muryar ce kawai ke sauyawa.

Ƙyallayen bangon guda bakwai ne. Akwai mai dagi babba a tsakiya, zaren ya shiga ya fita ya sake shiga har ido ya gaji da binsa. Akwai mai fangalin albasa, gida-gida da koren ulu, ga rijiya a gefe. Akwai na ƙahonin shanu a jere, duk sun fuskanci kudu kamar lokacin da suke wucewa da rani. Akwai kuma wani karkatacce mai hoton mota, babbar mota irin ta ɗaukar kaya, da kawunan mutane a baya, amma motar ba ta da ƙafa ko ɗaya. Ina amarya na taɓa tambayarta, cikin rawar kai, ko mantuwa ta yi. Ta ce, "Ban mance ba. Don kada ta tahi na." Na yi dariya, na ɗauka wasa take yi.

Na bakwai shi ne a saitin kan gadonta, kuma shi kaɗai ne ba zare a jikinsa. Hayaƙi ya mai da shi ja, zanzaro ya yi gini a gefensa, ga wasu baƙaƙen layuka sun cika shi, sun dusashe.

Wata uku da kawo ni, Inna ta tafi barka Mandera, za ta kwana biyu. Ni kuma ga ƙuruciya ga son a yaba. Na ce bari in nuna wa mutanen Bodinga cewa a Shagari ma an san tsabta. Na share ɗakinta ƙal, na wanke ƙoren jerenta, na kakkaɓe ƙyallayen bango. Da na zo kan na bakwai na ce haba, wannan ai abin kunya ne a ɗakin babbar mace. Mu gidanmu shanu muka sani, nono da ƙwarya. Ba mai riƙe allura sai in ƙwarya ta tsage. Layukan nan na ɗauka rini ne, in an wanke ma sai su ƙara fitowa. Na sauke shi na jiƙa da sabulun salo. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, ni kuwa har da murna, ina cewa kai, wannan dauɗa! Sau uku na ɗauraye shi, na shanya a kan darni.

Da la'asar ɗin rana ta biyu ta dawo, ƙunshinta a ka. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon darni. Ta daɗe. Ni ina gefe ina jiran yabo kamar wata sakarya.

"Ya yi hwari," ta ce. Ta sauke ƙunshin, ta ɗauke ƙyallen da kanta, ta ninke shi. "Sannu da aiki, ɗiyar Shagari." Ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba, ta ce gajiyar hanya ce.

Da maigidana ya dawo daga fadama ya shiga gaishe ta, ya fito fuskarsa ta sauya. Ya yafuto ni bayan rumbu.

"Ke, kin san abin da kin ka wanke? Hannun Yaya na."

Nan ya ba ni labarin da kowa a unguwar ya sani ban da ni. A sana'ar ɗinki mai zane daban, mai allura daban. Mai zane shi ke fitar da fasalin aikin da alƙalami da tawada irin ta allo, mai allura ya bi layin. Tawadar allo kuwa ruwa take jira. Yayan maigidana, ɗan farin Inna, shi ya gaji zanen kakansa, kuma shi ke zana mata ƙyallayenta. Amma ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi ko da zazzaɓi ya kayar da shi. Haka aka tarar, haka ake yi, wadda ta fi iyawa ita ake yabo. Saboda haka ba ya miƙa mata hannu da hannu. In ya gama zane sai ya ajiye a kan turmin da ke kife a ƙofar ɗakinta ya wuce, ita kuma ta fito ta ɗauka kamar tsintuwa ta yi. Iyakar hirarsu ke nan.

Lokacin yaƙin Turawa aka zo ɗibar mutane zuwa haƙar kuza can ƙasar duwatsu, sunansa ya faɗo a ciki. Ana saura kwana kaɗan su tashi ya zana wannan ya ajiye a kan turmi. Ranar tafiya uwaye suna ta rakiya, ita ba dama. Ta ɗauki igiya ta ce za ta itace, ta tsaya nesa da bakin hanya har motar ta wuce. Daga baya wani mutumin Kajiji da suka tafi tare ya dawo ya ce sanyin can da tari sun kashe shi, a can aka rufe shi. Ba kabari, ba riga, ba komai. Ita kuma ta ƙi sa wa ƙyallen allura, domin ɗinki binne zane yake yi. Ta rataye shi haka nan da tawadarsa, inda in ta kwanta idonta zai sauka a kai.

Na ce, "Don Allah me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ya ce, "Wa za shi hwaɗi? A gidan ga ba a maganatai."

Wayyo ni. Da ƙasa ta tsage a bayan rumbun nan da na shige. Na tuna yadda nake murza shi a kan dutse ina waƙa.

Washegari da sassafe na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, ki yafe mini." Tana taunar goro, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mi kin ka yi? Ƙyalle na, ya yi dauɗa, kin wanke." Na ce na ji ko na wane ne. Ta ce, "Tashi ki ɗora koko."

Sai a hankali na gane ramin da na faɗa. In ta yi mini faɗa, ta nuna abin ya dame ta. In ta ce ta yafe, ta yarda an yi mata hasara. Duka biyun kuwa ambaton ɗan fari ne. Kunyar da ake yaba mata ita ta ɗaure mata baki, ni kuma ta bar ni a tsaye. Kowace Sallah, lokacin da ake neman gafarar juna, sai in je in durƙusa. Amsar ɗaya ce, "Ba ki yi mani komi ba." A bakin wani wannan yafiya ce. A bakinta kuwa ƙofa ce take rufewa, kuma ina jin ƙarar rufewar.

Ba ta taɓa musguna mini ba, kar a ce na ce. Da ta yi ma da na samu sauƙi. Muna gida ɗaya, muna cin tukunya ɗaya, maigidana yana fadama tun safe har yamma, mu biyu sai zabi. Wani lokaci yini guda abin da zai haɗa mu bai wuce sannu da kawo gishiri ba. Na yi kewar gidanmu a shekarun nan, kewa mai tsanani. Ita ma na san kewa take yi, ga mu zaune kusa da juna, kowa da tata.

Shekara ta biyu na kasa daurewa. Ana gobe Sallar layya na je na durƙusa, ta ba ni amsar da ta saba. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ni da ko ido ba na haɗawa da ita, na ɗaga murya a kan uwar mijina. Na ce, "Na yi miki! Wallahi na yi miki! Ki zage ni, ki dake ni, ki kore ni Shagari. Ɗanki ne, ke kika haife shi, ki faɗi sunansa ko sau ɗaya mu ji!"

Zabin ma sai da suka watse. Ta dube ni, karo na farko ido cikin ido. Na ce yau za a yi ta. Sai ta juya kai wajen madafa ta ce, "Ɗiyar Shagari, tuwonki na ƙuna." Da gaske kuwa yana ƙuna. Kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata ba sai da kai.

Rana ta biyar da hantsi na ga ta fito da ƙyallen daga cikin adudu. Ta ɗaga shi saitin rana tana karkata shi, tana neman inda bakin alƙalami ya ɗan kwantar da saƙar. Abin da ta samu kaɗan ne. Sauran daga ka ta riƙa fitar da shi. Ta sa masa allura ranar, da farin zaren tsamiya, fari a kan fari, sai ka matso kake gani. Abin da take warwarewa ya fi abin da take ɗinkawa yawa. Sai in ji tana magana ita kaɗai, "A'a, ba haka anka yi shi ba." Kullum anka. Ba ta taɓa cewa ya yi ba.

Shekaru suka tafi a kan ƙyallen nan, idonta kuma ya fara ja baya. Ina daka ina satar kallonta tana neman kafar allura, ta lashi zaren, ta kai, ta kuskure, ta sake. Ba ta ce in taimaka ba, ni kuma tsoron taɓa kayan ɗinkinta nake yi kamar wuta. Wata safiya na fito na ga allura da zare a kan turmin ƙofar ɗakinta, ita tana ciki. Na ce ko mantawa ta yi. Na duba hagu da dama, na zura zaren, na mayar na ajiye, na koma madafa. Ta fito ta ɗauka ta hau ɗinkinta. Washegari ma haka. Daga nan ya zama aikina na kowace safiya, kamar shara. Ni dai na ɗauka larurar ido ce ta sa, ba ta da wani sai ni.

Sau ɗaya tak ta yi mini maganar ƙyallen da bakinta. Aikin ya kusa cika, saura kusurwar ƙasa ta hannun dama, wajen faɗin tafi biyu. Nan ne gado ke karewa lokacin da yake rataye, ba ta cika ganin wurin ba. Ta yi kwanaki tana shafa wurin. Rannan ta kira ni, ta nuna da yatsa, idonta na wani waje.

"Ke ta ƙarshen ganinai. Nan wurin, mi ad da akwai?"

Na so in yi ƙarya. Na so in ce tsuntsu ne ko tauraro, ta ɗinka ta huta. Na rufe ido na nemo ranar nan, ba abin da na gani sai baƙin ruwa da kumfa. Na ce, "Inna, ban duba ba. Dauɗa kawai na gani."

Ta gyaɗa kai. "Kin yi gaskiya," ta ce. Ta bar kusurwar ba komai.

Amma daga ranar ta ɗauko wani sabon hali. In na shiga kai mata fura sai ta tsare ni ta nuna bango da haɓa ta ce, "Duba. Mi kin ka gani?" In ce dagi. Ta ce in ƙara dubawa. Haka ta yi ta yi da ni har idona ya buɗe. Na gane ashe koren fangalin albasar nan kala uku ne, na dashe, na tsakiya, da wanda ya isa cira. Na gane a cikin shanun akwai saniya ɗaya da ta waiwayo. Na gane ƙyallayen da Yaya ya zana layinsu a miƙe yake, ko'ina ya daidaita, mai motar kuwa ita ta zana abinta bayan ba shi, shi ya sa ya karkace. Ranar da na ƙirga kawunan da ke bayan motar na ga guda ɗaya ne aka yi wa hula da jan alharini, fita na yi na shiga bayan rumbu. Ba ta koya mini riƙon allura ba, ta ce hannuna na tatsa ne. Dubawa kawai ta koya mini.

Alherinta da ba zan manta ba, lokacin da baƙon dauro ya kama 'yata ta fari ne. Yarinyar tana ɗakin Inna, don tun yaye ita ke riƙonta. Ni ma ai kunyar ta hau kaina, ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane. Jikinta ya yi zafi rau, tana kiran Inna, tana kirana. Mata suna shigowa dubiya, ni ina tsakar gida ina tankaɗe kamar ba abin da ya dame ni, kunnena kuwa yana ɗakin. Da azahar da aka ɗan sarara, Inna ta fito ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tura ni ɗakin. "Shiga ki ɗauki abinki. Ki kira ta da sunanta." Ta saki asabari, ta jawo tabarma ta zauna a bakin ƙofa da ɗinkinta. Duk wadda ta zo sai in ji ta ce, "Ta samu barci, a dawo anjima." Na rungume 'yata na yi ta kiran sunanta har muryata ta dushe. Da na fito na durƙusa zan yi godiya, ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni ban samu mai tsare mani ƙohwa ba." Yarinyar ta tashi, ga ta nan har ta isa ɗaukar tulu.

Ko a ranar sai da na ce a raina, to ta ji tausayina, amma tausayi daban, yafiya daban. Haka na ci gaba da zama da abin a ƙirji.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba, kwana tara ne. Na yi niyyar in sake roƙonta, amma kullum ɗakin da mutane, in kuma ba kowa sai in ga numfashinta ya yi nauyi in kasa. Na ce gobe. Goben ita ce Larabar nan.

To ina raɓe a bakin madafa, an ce a yafe na kasa amsawa, sai ga tsohuwa mai wanka ta shigo da ƙwaryarta. Ta nufi ɗakin. Aminiyar Inna, wata tsohuwa daga Sifawa da suka yi ƙuruciya tare, wadda muke kira Gwaggo, ta miƙa sandarta ta tare ƙofa.

"Dakata, malama. Mai ɗakin ta bar magana." Ta waiwaya tana nema. "Ina ɗiyar Shagari?"

Aka buɗa mini hanya na matso.

"Shekaranjiya ta kira ni. Ta ce ke za ki wanke ta. Ta ce ta ga wankinki, ba ki barin komi."

Wasu suka fara gunaguni, ga 'yan'uwa na jini, ga mai wankan unguwa, sai matar ɗa? Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa aka yi tsit. Ta matso da bakinta kusa da kunnena, amma tsufa ya sa ba ta iya rage murya, kowa ya ji.

"Ta kuma ce, in anka zo wurin yahiya, in hwaɗa maki ita ta riga ki. Ta ce ke dai ba ki da kai. Shekara nawa tana aje maki allura bisa turmi? Wa taka yi ma haka in ba nata ba?"

Turmin yana nan kife a ƙofar ɗakin, kusa da ƙafata. Shekara da shekaru ina sunkuyawa a kansa kowace safiya, ban taɓa tuna wanda ya riga ni ajiye abu a wurin ba. Wallahi Inna ta yi gaskiya, ba ni da kai.

Na shiga, mai wanka tana gaya mini abin da zan yi, tana zuba ruwan magarya. Na wanke ta a hankali, dama kafin hagu. Wannan karon na duba. Na duba kan babban yatsanta da allura ta mai da shi kamar ƙirgi. Na duba ɗan tabon da ke goshinta, da furfurar da ta fi yawa a gefen hagu, da tafin ƙafar da ta taka zuwa bakin hanya neman itacen ƙarya. Ba abin da na bari ya wuce ni. Da aka zuba ruwan ƙarshe mai kafur na sunkuya na ce mata na ji saƙo, na gode, ni ma na yafe abin da babu. Sai kukan da na riƙe ya ƙwace. Na ji Gwaggo a waje ta saki asabari, tana ce wa mata, "Ba su ƙare ba, a dakata."

Bayan addu'ar bakwai aka raba kayanta. Dangi suka ɗauki masu launi, mai dagi ya tafi Sifawa, mai albasa ya tafi Mandera, na ji an ce har an yi wa wani jaki shimfiɗa da mai shanu. Ban yi magana ba, ba gadona ba ne. Farin nan ba wanda ya kula shi, wata ma cewa ta yi ba a gama ba, ga kusurwa a buɗe. Maigidana ya ɗauka ya miƙo mini.

Yana rataye a saitin kan gadona yanzu. Hayaƙi ya fara taɓa shi, kuma ba mai wanke shi in dai ina numfashi. Na gaya wa 'yata labarinsa tun daga farko, da sunan mai zanen, don kada wata amarya ta zo nan gaba ta ce ba a faɗa mata ba. Gidan ya yi mini faɗi. Zabin suna zuwa ƙofar ɗakin su tsaya su juya. Jiya ma da hantsi sai da na tsinci kaina a sunkuye a kan turmi ina laluben allura.

Allah ya jiƙan Inna, ya wanke ta fiye da yadda na iya, ya sa ƙasa ta yi mata sauƙi. Ya jiƙan wanda aka rufe a ƙasar duwatsu ba nasa a kusa. Ya sada su a inda za ta kira shi da sunansa, da ƙarfi, ba mai tsaron ƙofa.